Hukuncin kwaikwayon zanen Odilon Redon da gawayi, da gina halittunsa da yumɓu

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe, sashen zane na wata jami'a. An raba mana masu zanen Turai, kowa ya yi nazarin mutum ɗaya, ni kuma Odilon Redon na Faransa ya faɗo mini. Na kwaikwayi zanensa guda takwas da gawayi, na manna su a bangon ɗakina, kuma a ɗakin nake nafila da dare, don yawanci ina kan aikin har kusan asuba. Mahaifiyata ta ce in sauke su, ba ta son ganinsu. Na ji ana cewa hoto mai inuwa haramun ne, zanen gawayi kuwa kusan dukansa inuwa ce. Sannan a aikin kammalawa ina so in gina gizo-gizonsa mai fuskar mutum da yumɓu a gasa shi, ko kuma kan nan da yake tsirowa daga tukunya. Wani abokina mai karatun addini ya ce babu komai, tunda babu irin waɗannan halittu a duniya, ban kwaikwayi halittar Allah ba. Mene ne gaskiya? Ba zan ɓoye ba Malam, ina ƙaunar aikin mutumin nan, ina jin kamar ya san kaɗaicin da nake ciki.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, abin da ya tayar maka da hankali shi ne mai sauƙi, abin da abokinka ya kwantar maka da hankali a kai kuwa shi ne mai nauyi.

Inuwar da malamanka na zane suke nufi da wadda malaman fiƙihu suke nufi suna kawai suka haɗa. A wurinku inuwa ita ce duhun da ake murzawa da yatsa ko ƙyalle don hanci ya fito, kunci ya lotsa. A wurin malaman fiƙihu, sura mai inuwa ita ce mai jiki, wadda in ka ajiye ta gaban fitila za ta jefa inuwarta a ƙasa, in ka shafa ta a duhu hannunka ya gane ga kai ga ƙafa. Ko ka ƙarar da buhun gawayi a takarda guda, takardar shafaffa ce. Zanenka takwas suna cikin abin da ba shi da inuwa. Amma ka kula da wannan, don ɗalibai suna ruɗewa a kai: tudun zane da ake ginawa a jikin allo ko bango, fuska ta turo da kaurin yatsa biyu ko uku, ya shiga mai inuwa ko da bayansa a manne yake.

A mazhabar Imamu Malik, wadda a kanta aka yi karatu a ƙasar nan, sura tana haramta idan abu uku suka haɗu: ta zama ta mai rai, mutum ko dabba, ta zama mai inuwa, gaɓoɓinta na zahiri su cika, wato ba a rasa wadda ba a rayuwa sai da ita ba. Shafaffen zane a takarda ko bango makaruhi ne idan an ɗaukaka shi, in kuma a wulaƙance yake kamar a shimfiɗa ko matashi, barinsa ne ya fi kawai. Duk wanda ya karanta Risala ya wuce ta wurin da aka karhanta surori a gadaje da bangaye da zobe, aka ce zanen jikin tufa ba ya ciki amma barinsa ya fi kyau. Sauran mazhabobi uku sun fi tsanantawa, a wurinsu zana mai rai da hannu haramun ne ko a shafe yake. Ka san da wannan don kada ka raina wanda ya guje shi gaba ɗaya. A gare ka, kai da darasi ya hau kanka, ina ba ka fatawa da maganar Malikiyya: kwaikwayon da ka yi don koyo bai kai haramun ba, kuma buƙatar karatu tana sassauta karhanci gwargwadonta. Takwas sun isa darasi. Na tara ya zama sha'awa.

Wannan sassauci bai shafi dukan aikin Redon ba. Ya zana Buda, ya zana abin da Kiristoci suke cewa Annabi Isa ne, da rawanin ƙaya da kan gicciye, ya zana keken dawakin Afolo, abin bautar Girkawa. Waɗannan kada hannunka ya taɓa su, ko a shafe ko a gine, babu saɓani. Haka zanen ƙaton nan mai ido ɗaya da yake leƙowa ta bayan dutse, wanda yake wani gidan tarihi a Holan: a ƙasansa mace ce kwance tsirara. Za ka iya rubuta bayani a kansa a kundinka, ka rufe wurin da takarda lokacin nazari, amma ba za ka kwafe shi ba. Karanta tarihinsa da yin sharhin aikinsa halal ne.

Sai maganar abokinka. Zan tsawaita a nan, don ba shi kaɗai yake faɗinta ba, kuma tana da daɗin ji. Wanda yake riƙe da ita yana cewa: dalilin haramcin shi ne gogayya da halittar Allah, to abin da Allah bai halitta ba, da me aka yi gogayya? Idan mai ɗan karatu ne ya ƙara da hujja biyu. Ta farko dokin wasan Nana A'isha mai fikafikai biyu, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani ya tambaye ta, ta ce ba ka ji Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fikafikai ba, ya yi dariya. Ta biyu labarin Alƙasim ɗan Muhammadu, jikan Sayyidina Abubakar, ɗaya daga malaman fiƙihu bakwai na Madina, wanda Ibnu Aun ya shiga gidansa a Makka ya ga labulen gado da surar anƙa'u, tsuntsun da babu shi sai a labari.

Dokin Nana A'isha a cikin 'yan tsananta yake, kuma 'yar tsanar yara mata an keɓe ta daga hanin saboda wasa da koyon reno. A tsakiyar 'yan tsana masu siffar mutane aka ga dokin, su ma ba a hana su ba. Ashe abin da ya halatta shi kasancewarsa kayan wasan yarinya ne, fikafikan ba su ƙara masa komai ba. Kai kuwa ba yarinya ba ce, kuma abin da za ka gasa a ɗora a kan teburin baje koli ba 'yar tsana ba ce. Labulen Alƙasim kuma, a karanta ruwayar har ƙarshe: tare da anƙa'un akwai surar ƙundus, wata dabbar ruwa mai gashi da take raye a duniya. Da rashin samuwar halitta ne dalilinsa, da bai bar ƙundus a labulen ba. Abin da ya dogara da shi shi ne togaciyar da ta zo a hadisi, "sai dai zane a jikin tufa". Shi ya sa Ibnu Hajar ya kawo wannan labari, don ya nuna cewa bambanta mai inuwa da marar inuwa magana ce mai asali a wurin magabata, bayan Imamu Nawawi ya kira ta ɓatacciya. Wato hujja ce ga gawayinka, ba ta ce komai a kan yumɓunka ba.

Sannan a dubi asalin da'awar, wai mai zanen bai kwaikwayi halitta ba. Ina ya samo ido? Ina ya samo haƙora, da gashi, da gaɓar ƙafa mai lanƙwasa? Ɗan Adam ba ya iya ƙago gaɓa daga babu, sai dai ya ciro daga nan ya liƙa a can. Shi kansa Redon shaida ne a kan abokinka. Tun yana saurayi a garinsu Bordo ya shaƙu da wani masanin tsirrai, Armand Clavaud, wanda ya nuna masa ƙananan halittu a madubin ƙara girma, irin waɗanda suke tsakanin tsiro da dabba. A Faris ya riƙa zuwa gidan tarihin halittu yana nazarin ƙasusuwa. Kuma da kansa ya rubuta cewa duk gwanintarsa ita ce ya sa halittun da ba za su yiwu ba su rayu kamar mutane, bisa ƙa'idojin abin da zai yiwu, ya sa tsarin abin da ido ke gani ya yi wa abin da ba ya gani hidima. Mutumin yana gaya maka da bakinsa cewa burinsa ka kalli gizo-gizon ka ji kamar yana numfashi. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da hadisi ya yi wa narko, ranar da za a ce wa masu sura su rayar da abin da suka halitta. Masu zanen ishara irinsa, waɗanda tafiyarsu ta samu suna a Faransa wajen 1886, sun guje wa kwafar duniya yadda take, suna neman zana mafarki da tsoro da abin da ke cikin rai, amma da gaɓoɓin halittar Allah suka yi aikin.

Akwai kuma dalili na biyu na haramcin da abokinka ya tsallake, wato toshe ƙofar girmama gumaka. Ka zaga da tunaninka wuraren bautar duniya. Jikin mutum da kan giwa, mai hannu huɗu ko takwas, kan dila ko na shaho a wuyan mutum a Masar ta dā. Da yawa daga abin da aka durƙusa wa ba su da takwara a cikin halitta, baƙuntarsu ce ma take cika zukata da kwarjini. In aka ɗauki maganar abokinka, sassaƙa akuya ya haramta, sassaƙa waɗannan ya halatta. Ƙa'idar da take kai mutum nan akwai ɓaraka a gindinta. Malaman Shafi'iyya sun ambaci wannan mas'ala da sunanta, suka ce mutum mai fiffike ko saniya mai bakin tsuntsu duk suna cikin hanin, ko da yake an hakaito wata fuska mai rauni ta halasci. Malamanmu kuma da suka jera sharuɗɗa ba su sa samuwar dabbar a duniya a ciki ba.

Don haka gizo-gizo mai fuskar mutum, da kai da ido da baki da ƙafafu, a gina shi da yumɓu a gasa: mai rai ne, mai inuwa ne, cikakke ne, mai daɗewa ne. Haramun ne, kuma a kan irin wannan mazhabobi huɗu ba su rabu ba. Kada ka ce za ka bar shi ɗanye, ko za ka farfasa shi bayan an ba da maki. Ko abin da ake yi da ƙullu ko ɓawon kankana, wanda kwana biyu yake lalacewa, ingantacciyar magana a mazhaba ita ce haramci, balle yumɓun da in ya bushe yana shekara. Zunubin a wurin ginawa yake.

Kan da yake tsirowa daga tukunya ya fi wuyar hukunci. Zane ne na gawayi daga farkon shekarun 1880, kan mutum mai ƙayoyi a fata kamar ƙyarana, wuyansa ya nutse a wani akwatin shuka mai kusurwa huɗu. A zahirin ƙa'idar Malikiyya kai babu gangar jiki ba ya rayuwa, don haka ba su kira shi haramun ba, Ibnu Ƙudama na Hambaliyya ma ya faɗi haka. Waɗansu kuma sun ce kai shi ne surar, suna kafa hujja da umarnin Mala'ika Jibrilu cewa a yanke kan mutum-mutumin da ke gidan ya koma kamar itace. Ni ina ƙara lura da abu ɗaya game da wannan zane musamman. Sassaucin da aka yi wa ragaggiyar sura saboda mai kallo yana ganin abu ne da ba rai a tare da shi. Shi kuwa wannan kan ba yankakke ba ne, Redon ya yi shi a matsayin halitta mai rai wadda haka take, tukunyar ce gangar jikinta. Abin da ya sa aka sassauta ba ya nan. Ba zan ce maka haramun ne yanke ba, tunda manya sun saɓa, amma ba zan ba ka izini ba. Dabarar jan layi a wuya kuma, da wasu ke yi wa sura su ce sun yanke kai, ba ta canja komai. Malaman Hanafiyya sun ce ai akwai tsuntsaye masu zobe a wuya kuma suna raye.

To me za ka kai a matsayin aikin kammalawa? Wani mai sana'ar sura ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, ya ce da wannan nake ci. Da ya ji hadisin ya firgita, Ibnu Abbas ya ce masa in ba makawa, ga itatuwa nan da duk abin da ba shi da rai. Kai ka yi sa'a, domin mai zanen da aka ba ka rabin aikinsa a nan yake. An haife shi a 1840, ya tashi yaro marar lafiya a wata gonar inabi ta iyayensa mai suna Peyrelebade, nesa da su, kuma itatuwan wannan wuri ya yi ta zanawa shekara da shekaru. Zanen da ya kira baƙaƙensa, na gawayi da na bugun dutse, wato zanen da ake yi a kan dutse sannan a buga shi a takarda, su ne suka cika shekarunsa na tsakiya. Kundinsa na farko na bugun dutse ya fito a 1879. Daga wajen 1890 ya fara komawa allin launi da fentin mai, bayan 1900 ya bar baƙaƙen, ya shiga zana furanni a tuluna da jiragen ruwa da sararin sama har ya rasu a 1916. Furannin nan su ne masu saye suka fi rububi. Malam-buɗe-littafi da yake sawa a tsakaninsu kawai za ka tsallake in kana son fita daga saɓani, don shi ma mai rai ne.

Abin da ake so ka koya daga gare shi yadda duhu yake haifar da haske ne, kuma kuka guda a bayan gari da magariba ta ishe ka wannan darasi. Ka nemi takarda mai ɗan kaushi, mai launin ƙasa-ƙasa ko rawaya-rawaya kamar yadda yake yi, domin farar takarda mai santsi ba ta riƙe gawayi, kuma haskenta yana kashe zurfin baƙin. Ka kwantar da gawayi mai laushi a gefensa ka shafe fuskar takardar duka, ka murza da ƙyallen auduga har ta zama toka-toka bai ɗaya. Daga nan ka ciro haske da roba mai laushi wadda ake murɗawa, kana dannawa kana ɗagawa, kada ka goga, don guga tana cinye kaushin takarda, wurin ya yi sheƙi ya daina karɓar gawayi. Baƙi mai tsanani na matsattsen gawayi a ƙarshe ake sa shi, a wurare kaɗan, domin ba ya gogewa. Wanda ya fara da shi ya ɗaure hannun kansa. Tsakanin shafi da shafi ka fesa maganin kama gawayi, daga nisan kamar santimita talatin, fesawa biyu ko uku marasa nauyi, kowace ta bushe kafin ta gaba. In ka matso kusa ko ka cika, ruwan zai tara garin ya yi ɗigo-ɗigo. A waje za ka fesa, warinsa yana cutar da ƙirji. Maganin feshin gashi da ɗalibai suke amfani da shi don araha yana sa takarda ta yi ja-ja ta yi ƙamas bayan 'yan shekaru. Allin launi kuwa ka rage masa feshi ƙwarai, yana dusar da launin furen. In dole sai aikin yumɓu, gina kututturen kuka da saiwoyinta, ko tulu da furanni, ko kwalekwale. Ka je wurin malamin da yake duba aikinka tun yanzu, da zanen gwaji uku a hannu, ka ce ga abin da kake so ka yi. Wanda ya zo da madadi a shirye ya fi samun amincewa a kan wanda ya zo da ƙi kawai. In an tilasta maka siffar mai rai ba yadda za ka yi, gina ta babu kai.

Sayar da furanni da itatuwa halal ne tas. Kuɗin shafaffen zanen mai rai ba haramun ba ne a mazhaba, amma kada ka mai da shi sana'a.

Yanzu bangon ɗakinka. Ko da babu hadisi ko ɗaya a kan sura, maganar mahaifiyarka ta isa. Ta umarce ka da abin da ba saɓo ba ne, ba ya hana ka karatu, bin ta wajibi ne, manna zanen kuwa iyakarsa makaruhi. Mamaki nake yadda ka damu da inuwar gawayi ka ambaci umarninta a tsakiyar magana kamar labarin wucewa. Sauke su yau, kuma ka gaya mata ka sauke. Ratayewa a bango ita ce ɗaukakawar da take ƙarfafa karhanci, ga hadisin mala'iku da gidan da yake da sura, wanda malamai da yawa suka ɗauke shi a kan gamammen lafazinsa. Nafilolinka da suka wuce sun inganta, ba ramuwa. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa Nana A'isha ta kawar da labulenta mai zane don yana gitta masa a salla. Kai da zanen Redon na ido mai tashi sama kamar balan-balan a alƙiblarka, ina ka ga natsuwa? Ka jera su a kwance cikin babban fayil, farar takarda marar kaushi tsakanin kowane biyu. Hakan ma ya fi musu: a bango ƙurar hunturu tana hawansu, rana tana cin takardar, duk wanda ya gifta kafaɗarsa ta share rabin aikin.

Jimlarka ta ƙarshe ita ta fi tsaya mini. Babu laifi mutum ya ga gwanintar wanda ba Musulmi ba ya yaba, ko ya ji tausayin yaron da ya tashi shi kaɗai. Sai dai saurayin da yake kwana a farke shi kaɗai, yana kallon fuskoki masu kuka har asuba, sannan ya ce wanda ya mutu fiye da shekara ɗari shi ya fahimce shi, wannan yana bukatar mutane masu rai. Ka mai da aikin gawayi zuwa hantsi, hasken ma ya fi gaskiya, don fitila tana ɓoye maka bambancin toka da baƙi. Ka kwanta bayan isha da zikirin barci, ka tashi nafila in ka samu iko, ka yi asuba a jam'i. Ka riƙa cin abincin dare tare da mutanen gida. Idan ƙuncin ya wuce mako biyu yana hana ka barci ko ci, ko ka fara jin rayuwa ta fita daga ranka, ka gaya wa mahaifiyarka ko wani babba da ka yarda da shi, ku je asibiti ku ga likita. Neman magani ba raunin imani ba ne. Abokinka kuma ka karanta masa wannan amsa cikin ladabi, ka roƙe shi ya koma ga ruwayar Alƙasim ya karanta ta cikakkiya.

Wallahu a'alam.